Sojojin Evaristo Masu Cin Sukari

Evaristo, mijin ƙanwata Ofelia, bai taɓa gama abin da ya fara ba sai abinci. Ya sayar da tukwanen da ya rantse abinci ba ya kamawa a cikinsu, suka kama har da ruwan zafi. Ya yi kiwon zomaye, suka haƙa rami ƙarƙashin shinge suka koma gidan maƙwabta, maƙwabta suka cinye. Duk wannan ban ce uffan ba. Asararsa ce da ta Ofelia, ita kuwa da idonta biyu ta gan shi ta aura. Amma ranar da shirmensa ya kai ga ƙafar ƙanena Chano, ranar na shiga maganar.

Chano direban babbar mota ne, yana ɗaukar kankana da albasa daga gonakinmu na nan bakin iyaka zuwa San Antonio. Yana da ciwon sukari, kamar rabin unguwarmu, kamar mahaifiyarmu wadda aka binne ta da ƙafa ɗaya. A bazarar nan wani miki ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama, ya ƙi warkewa. Likita ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: allurar insulin safe da yamma, ya bar burodi mai zaƙi da lemon kwalba, in ba haka ba za a kai ga wuƙa. Da ƙafar damar nan yake taka mota. In ta tafi, abincinsa ya tafi.

Wata Lahadi bayan coci muna zaune a gidana, na soya wake na gasa tortiya, wainarmu ta masara, sai ga Evaristo ya shigo yana tafiya kamar wanda aka naɗa gwamna. Ya ture kwanon barkono, ya dasa wata 'yar kwalba a tsakiyar tebur.

"Kun san abin da ke cikin nan?"

"Kuɗin cefanen Ofelia," na ce.

"Sojoji ne, Yaya Eufemia. Biliyan goma a kowace ƙwaya, kuma duk da ransu."

"Wa ya ƙirga su?"

"Masana."

"Kai da zomaye 'yan ƙalilan suka gagare ka ƙirgawa."

Bai kula ni ba. Ya ce a kasuwar gwanjo ya sayo, kuma ya ga wani mutum mai farar riga a waya yana bayani cewa akwai wasu 'yan halittu masu amfani da ke zama a hanji, ido ba ya ganinsu, in suka yi yawa suna taimaka wa mai ciwon sukari. Ofelia ta sa tabarau ta juya kwalbar, ta karanta ƙananan rubutun da ke baya. An rubuta cewa wannan ba ya warkar da kowace cuta, kuma a tambayi likita kafin a sha.

"Wannan don lauyoyi aka rubuta," in ji Evaristo, ya ƙwace kwalbar. "Ku saurara ku ji inda na fi su basira. Su suna sayar da ƙwaya ɗaya-ɗaya da tsada. Ni kuwa na ce, abu mai rai ai haihuwa yake yi. Kiwo zan yi."

"A ina?" in ji Chano.

"A cikin tepache."

Tepache dai kowa ya san shi, jiƙon ɓawon abarba da mazarƙwaila da iyayenmu ke yi a tulu lokacin zafi, a rufe bakin da ƙyalle, a sha kafin ya yi ƙarfi. Evaristo ya ce zai fasa ƙwayoyin ya zazzage a ciki, ya ninka mazarƙwailar sau uku.

"Sau uku," na ce. "Don masu ciwon sukari."

"Nan ne ilimin yake, Yaya. Horo ne. In ka raini soja da wake, ya shiga jiki wake zai nema. In ka raine shi da sukari tun yana ƙarami, da ya shiga jini, duk inda sukari ya ɓuya sai ya bi ƙamshinsa ya cinye."

Na dubi Chano. Idonsa na ƙyalli irin na yaron da aka ce masa an soke makaranta.

"Kenan maganin mai zaƙi ne?"

"Kamar zuma, surukina. Kuma ba allura."

Na ce, "Chano, ci wakenka." Amma na riga na makara.

Washegari Evaristo ya samo wata shuɗiyar ganga, ya kafa ta a rumfar ajiye mota, motar kuwa ya bar ta a rana. Ya bi masu sayar da 'ya'yan itace ya kwashe ɓawon abarba, ya zuba mazarƙwaila dunƙule-dunƙule, ya fasa ƙwayoyinsa a kai. Ya rataye rediyo a jikin ganga, wai sojoji suna son kiɗa. Kowace safiya sai ya ɗaga murfi ya leƙa ya ce, "Barka da asuba, jarumai." Sannan ya ɗebi moɗa guda ya shanye, wai yana duba fareti. Da rana ma yana dubawa, da yamma ma.

Zafin watan Yuli ya sauka a kan gangar, ta fara tafasa ba wuta. Ƙudaje suka fara zuwa, ƙudan zuma suka biyo. Ɗaya ta harbe shi a leɓe, ya kumbura har ya rufe masa rabin gashin baki. A haka ya zauna a ƙofar gida yana wa masu wucewa lacca, yawu na zuba.

Dusar ɓawon da ya tace kuwa ta bayan shinge yake watsarwa. Kajin maƙwabciyarsa Doña Herminia suka same ta. Da tsakar rana zakaranta ya hau kan injin wanki ya yi cara sau biyu, ya nemi ta uku ya faɗa cikin bahon sabulu. Kajin suka kwanta a inuwa ƙafafu sama. Ta zo da tsintsiya a hannu.

"Don Evaristo, me ka ba kajina?"

"Lafiya ce ta yi musu yawa, Doña."

"Zakarana na tafiya kamar marigayi mijina ranar albashi."

"To ki gaya mini tsakaninki da Allah, a cikin kajin nan akwai mai ciwon sukari?"

Ta tsaya, tsintsiya a sama. Abin takaici, matar nan da jikoki har da tattaɓa-kunne, da kwalba biyu ta koma gida.

Haka abin ya bazu. Mutanen da likita ta yi shekaru tana roƙo su rage tortiya ɗaya suka ƙi, su ne suka yi layi a rumfar Evaristo da galan-galan. Ya ce a daina ce masa Evaristo kai tsaye, a ce Dakta. Ya sayi alƙaluma uku ya jera a aljihu, shi da ko sunansa in zai rubuta sai ya fito da harshe.

Lahadin da ta biyo, Fada, limamin cocinmu, na tsakiyar wa'azi sai cikin mutanen benci na uku ya fara ruri. Na huɗu ya amsa. Don Nemesio mai gyaran taya ya miƙe a hankali, ya durƙusa wa bagade da sauri, ya nufi ƙofa yana tafiya a matse. Doña Herminia ta bi shi, carbi na lilo. Kafin a kai ga addu'ar ƙarshe, layin bayan gida ya fi layin karɓar jibi tsawo. Fada ya gajarta wa'azin, ya sa aka buɗe tagogi.

Evaristo na bakin ƙofa yana gaisawa da mutane hannu bibbiyu.

"Dakta, cikina zai fashe," in ji Don Nemesio.

"Madalla. Yaƙi ake yi. Abin da kake ji yana fita, gawarwakin sukari ne. Ka ƙara moɗa ɗaya da yamma, kada a bar sojoji ba agaji."

Ni dariyar ba ta zo mini ba, domin na ga yadda Chano ya fito daga coci yana ɗingishi, ya tsaya a famfo ya sha ruwa kamar raƙumi. Da yamma na je gidansa. Ban yi sallama mai tsawo ba, na wuce na buɗe firji. Ga insulin can a lungu, ko buɗe ta ba a yi ba, kwalaben Evaristo sun tare ta gaba da baya.

"Ina na'urar gwajin jininka?"

"Tana wurin Dakta."

"Wane Dakta?"

"Yaya, don Allah. Ya ce yawan dubawa na tsorata sojoji."

"Cire takalmin nan in ga ƙafar."

"Ta kusa warkewa. Ko zafi ba ta yi."

"Ta Mama ma ba ta yi zafi ba. Cire."

Ya ƙi. Ƙato mai shekara sittin ya shige ɗaki ya murɗa makulli, da takalmin aiki a ƙafa, a cikin wannan zafi. Warin da ya bari a falo na san shi, na yi jinyarsa shekaru a ɗakin mahaifiyarmu.

Daga nan gidan Evaristo na zarce. Na same shi yana ɗura ruwan gangar a kwalaben lemo na gilashi, yana sa wa kowace cokalin sukari, yana buga mata murfin ƙarfe da wani ɗan inji.

"Ba ni na'urar ƙanena."

"Yaya, ki yi haƙuri zuwa ranar bikin coci. A gaban kowa zan gwada shi. Ranar za ki ce mini Dakta da bakinki."

"In aka yanke masa ƙafa, taka zan ciro in liƙa masa."

Ofelia na tsaye a bakin ƙofa tana murza hannu. Ta ce, "Evaristo, Mama ba ta taɓa toshe tepache ba. Ƙyalle ake rufawa don ya yi numfashi."

"Mamarku ta taɓa kiwon soja? In ka bar ƙofar bariki a buɗe ai guduwa za su yi."

"To wannan sukarin fa?"

"Guzurinsu ne."

Bikin coci shi ne ranar da muke kafa rumfuna a filin ajiye motoci, a sayar da abinci a tara wa coci abin gyara. Ni ce ke raba wuraren rumfa, tun kafin a kawo wannan Fadan. Na ba Evaristo wuri a ƙarƙashin bishiya kamar kowa. Ya ce shi ba mai sayar da masara ba ne da za a ɓoye a lungu, tsakiyar fili yake so, inda kowa zai gan shi. Tsakiyar fili kwalta ce zalla, ko inuwar tsuntsu babu. Na ba shi. Ma'aikatan asibitin unguwa da ke zuwa kowace shekara suna gwada jini kyauta, su kuma na sa teburinsu dab da nasa.

Ya iso da akwatunan kwalabe, ya jera su hawa-hawa har suka fi shi tsayi. Ya sa farar riga da ya aro wurin mahauci, da ɗan tabon jini a gefen aljihu. Ya ɗaure ƙyalle mai rubutu: A YI BAN KWANA DA ALLURA. Tun safe rana ke dukan kwalaben nan, shi kuwa yana ta shan hajarsa yana kai-komo tsakanin rumfa da bayan gida.

Da fili ya cika, ya je ya karɓe lasifika daga hannun mai kiran wasan kati.

"Jama'a, yau za ku ga abin da asibiti ba ya so ku gani. Ga surukina Chano. Likita ta ce za a yanke masa ƙafa. Tun da ya fara shan sojojina ko allura ɗaya bai yi ba. Chano, taho."

Chano ya taho yana jan ƙafa, leɓensa a bushe. Evaristo ya kama hannunsa ya miƙa wa ma'aikaciyar jinya.

"Gwada shi, 'yata, ki faɗa da ƙarfi."

Ta soka yatsa, ta duba na'ura, ta dubi Chano, ta sake duba na'ura.

"Ɗari huɗu da sittin."

A unguwarmu ba wanda ke buƙatar a fassara masa wannan lamba. Mata suka yi alamar gicciye. Evaristo kuwa ya yi tafi.

"Kun gani? Sukarin ya fito daga maɓoyarsa, gudu yake yi. Sojoji sun koro shi har bakin yatsa, saura ya fice."

"To ni a gwada ni," in ji Doña Herminia. Aka gwada, ɗari uku da ɗoriya. Don Nemesio ya miƙa yatsa, shi ma yana can sama.

"Nawa ma gudun yake yi, Dakta?"

Evaristo ya share gumi da hannun rigar mahauci. "Na'urar ce ta lalace. Zafi ya taɓa ta. Kowa ta gani sai ta ba shi babbar lamba, don a ci gaba da sayen allura."

Fada na gefe yana cin masara. Ya goge hannu ya miƙa yatsa, aka samu casa'in da wani abu. Na miƙa nawa, ɗari da kaɗan.

"Ta warke kenan," na ce. "Saura kai."

"Ni? Ni lafiyata ƙalau. A danginmu ba a sukari."

"To me kake tsoro?"

"Ba tsoro ba ne, Yaya. Likita ba ya gwada kansa, doka ce."

"A gwada Dakta," in ji Don Nemesio. Jama'a suka ɗauka. Ya ja da baya, ya ci karo da Ofelia. Ƙanwata da ta yi shekara talatin tana cewa to, ita ta kama wuyan hannunsa ta danna a kan tebur. Da ya hango 'yar allurar, wadda ba ta kai ƙayar kifi ba, sai ya rufe ido ya fara kiran sunayen waliyyai, har da waɗanda babu su. Lasifikar na hannunsa, duk fili na ji.

"Ɗari uku da tamanin," in ji ma'aikaciyar. "Baba, tun yaushe kake yawan fitsari?"

Ya buɗe ido ya ga ɗigon jini a yatsansa, ya zauna daɓas a kan akwatin ƙasa. Tulin kwalaben ya girgiza.

Ta farko ta tashi kamar bindiga. Murfin ya wuce ta saman kan Fada ya bugi ƙararrawar mai sayar da ƙanƙara. Ta biyu da ta uku suka bi, daga nan ba wanda ya iya ƙirgawa. Kumfa ta yi sama kamar an fasa bututun ruwa, ta sauko a kan tukunyar tamale, alalarmu ta masara, ta matan zumunta, a kan kek ɗin da za a yi caca a kansa, a kan gashin Doña Herminia da ta biya aka gyara mata da safe. Mutane suka kwanta ƙarƙashin tebura. Karnuka suka yi ta haushi. Ƙudan zuma, waɗanda suka san warin tun daga rumfar mota, suka iso kamar an aika musu goron gayyata.

Evaristo na rarrafe a cikin kumfa, ƙyallen ban kwana da allura ya faɗo ya lulluɓe shi, yana ihu ta lasifika: "Kada ku taka su, da ransu!"

"Barikinka ya yi tawaye, Dakta," in ji Don Nemesio daga ƙarƙashin tebur.

Ni ban tsaya kallo ba. Na ja Chano bayan motar asibiti, na tura shi kan kujera, na durƙusa na kwance igiyar takalmin. Wannan karon bai yi gardama ba. Da safar ta fita, ma'aikaciyar jinyar ta duba sau ɗaya ta ɗauki waya. Waɗanda suka biyo mu suna dariya suka ja da baya. Yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, jan ya fara hawa tafin ƙafa.

"Yaya," in ji Chano, murya ƙasa-ƙasa, "za su yanke duka?"

"Rufe mini baki ka shiga mota."

Yatsan suka yanke, da ɗan abin da ke gefensa. Likita ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan, daga gwiwa za a yi magana. Ya daɗe yana jinya, aka yi masa takalmi na musamman, ya koma kan motarsa. Yanzu insulin ce a gaban firji. Na tambayi likitar game da ƙwayoyin nan na kwalba, ta ce wasu na sha tare da maganinsu, wataƙila su ɗan taimaka, wataƙila a'a, amma ba a ajiye allura dominsu. Na ce ta maimaita a gaban Chano, ta maimaita.

Evaristo ya yi makonni yana kankare kwaltar coci da buroshi, Fada na zaune a inuwa yana nuna masa inda ya tsallake. Gangar kuwa Doña Herminia ta karɓe a madadin gashinta, tana tara ruwan sama.

Shi ma allura aka rubuta masa. Ba ya iya yi wa kansa, da ya ga tsinin sai ya fara ganin duhu. Ofelia hannunta na rawa. Ni kuwa na yi wa mahaifiyarmu shekara da shekaru. Saboda haka kowace safiya nakan ɗauki jakata in taka zuwa gidansu, in same shi a kujerar kicin yana zufa tun kafin in zauna.

Jiya ina zuƙo maganin sai ya gyara murya.

"Yaya Eufemia, na ga wani abu a waya game da kirfa. In mutum ya samu buhu guda a sari..."

Na ɗaga allurar sama daidai idonsa, na ɗan ƙwanƙwasa ta da farce, ban yi sauri ba.

"Ɗaga riga, Dakta."